Yadda Na Kai Yaya Idi Awon Jini Paraku

Tun ranar da na dawo daga Paraku, duk wadda ta tsaya gaban teburin kifina a kasuwar Gaya sai ta ce, "Rabi, an sha hanya. Ya garin mutane? Ina tsaraba?" Sai ka ce yawon shan iska na je. Na amsa har bakina ya gaji, kuma kowace amsa sai ta tayar min da abin da nake son ya kwanta. To, karatun yaƙi da jahilcin da na yi ya yi rana. Ga shi na rubuta sau ɗaya, mai son ji ta karanta, ta bar ni in sayar da kifina.

Yayana Idi direban kamiyo ne. Fiye da shekara ashirin yana jan kaya tsakanin Kwatano da Gaya, yini guda a zaune, ƙafa a lanƙwashe. Bara bayan damina ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga sha-raɓa zuwa gwiwa, ta yi zafi, ta yi tauri kamar taɓarya. Lokotoro, wato likita, ya ce jini ne ya daskare a cikin jijiya ya zama guda, kuma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana zaune sai a ga ya kife. Aka yi masa allurai a fatar ciki na wasu kwanaki, sannan aka ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya ta tsinka jini, kullum da magariba. Aka ce duk wata ya zo a auna jinin. Iyakar bayanin da aka yi mana ke nan.

Wata uku muna zuwa awon lafiya lau. A na huɗu, ɗakin awon da muke zuwa suka ce ruwan da ake gwajin da shi ya ƙare, mu dawo mako mai zuwa. Muka dawo. Suka ce mako mai zuwa. Sau biyar ina rufe kifina ina raka shi, sau biyar wani mai farar riga yana faɗa mana haka ba tare da ya ɗago kai daga salularsa ba. Ana cikin haka Yaya ya fara tofar da jini in ya yi asuwaki. Jikinsa ya riƙa fitar da tabo baƙi-baƙi, kamar wanda aka yi wa duka da sanda. Matarsa Hadiza tsohon ciki gare ta, ko tsakar gida da ƙyar take ratsawa. Don haka tafiya ta faɗo kaina.

Na so mu nufi Yamai. Yaya ya ce ba mu da kowa a can, amma a Paraku yana da Baba Saliya, tsohon bakanike da ya shekara yana sauka gidansa. "Dahome gida ce," in ji shi. Har yau haka yake kiran Benin.

Da sassafe muka sauka bakin kogi. Ga gadar kan iyaka can tsaye, lafiyarta lau, an tare ta, ba mai wucewa. Wannan gadar Yaya ya hau ta da kamiyo sau ba adadi, yau ga shi ya naɗe wando yana taka laka da kumburarriyar ƙafa don ya shiga kwalekwale. Manyan da suka rufe ta, ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa jiƙa takalminsa a wannan wurin? Aka loda mu tare da buhunan albasa da moto biyu, wato babura, da wani rago da bai daina zillo ba. Ni ba ruwan nake tsoro ba, 'yar bakin kogi ce ni. Ƙusa nake tsoro. Mutumin da asuwaki ke fitar masa da jini, ina ga ƙusar jirgi mai tsatsa? Na hango wata ta leƙo daidai inda zai ajiye ƙafa, na ce da mai jirgin ya buge ta. Ya ce, "Inna, in ba ki son jirgina ga gada can." Mutane suka yi dariya. Na kwance zanen da na yafa na naɗe wa Yaya ƙafa, na zauna a kan ƙusar da kaina har muka ƙetare.

A gaɓar Malanbil wani mai kaki ya tsayar da mu, ban san ko na wane ofis ba ne. Ya zazzage jakata, ya shinshina kifin da na ɗauro na tsaraba, sannan ya sa hannu aljihun Yaya ya fito da ƙwayoyin. Hadiza ta jefar da kwalin ta ƙulle su a leda don kada su jiƙe. Mai kakin ya ɗaga ledar sama yana murmushi. Tramol ne, in ji shi. Na ce ya dubi ƙafar mutumin nan, ya dubi furfurarsa. Ya ce tsofaffin direbobi su ne ma uwar masu sha. Ya zaunar da mu a rana a kan wani dutse, ya tafi harkarsa. Tun hantsi har rana ta kusa tsaka muna nan, ƙafar Yaya tana ƙara cika ina kallo.

Wanda ya fitar da mu wani ne da ake kira Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin masu Faransanci, ɗan Gaya, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, kafin aikin ya mutu. Riga a soke cikin wando, biro biyu a aljihu. Ya tambaya ko ba mu da takardar lokotoro. Sai a lokacin Yaya ya tuna ya sa ta cikin hularsa. Mushe ya karɓa, ya tafi ya zuba wa mai kakin Faransanci, nan da nan aka miƙo mana ledarmu. Na sa masa albarka har ya ji kunya. Na zaɓi ragon ruwa mafi girma cikin kifina na ba shi. Da na san abin da zai biyo baya, da kare na ba.

Mota ɗaya muka shiga da shi, shi zai sauka Kandi. Mutum biyar a kujerar mutum uku, gwiwa a ƙirji. Ba mu yi nisa ba Mushe ya ce Yaya ya sake ba shi takardar, yana son ya duba sunan maganin a salula. Ya yi ta latsawa. Can sai ya ce, "La'ilaha illallahu! Alhaji, ka san abin da kake sha kuwa?"

Yaya ya ce, "Maganin jini."

"Maganin ɓera ne! Ga shi a rubuce."

Kuma bai faɗa a hankali ba. Ya gyara murya ya karanta wa mota gaba ɗaya, yana juyawa da Hausa da Dandanci don kowa ya samu rabonsa. Wai a ƙasar Amirka shanu ne suka ci ruɓaɓɓiyar ciyawa, jini ya riƙa zubo musu har suka mutu. Wai masana suka tatso abin da ke cikin ciyawar suka yi gubar ɓera da shi, ɓera ya ci jini ya tsinke masa a ciki. Nan ya tsaya, ya mayar da salula aljihu.

Mota ta zama majalisa. Wata mai goro ta ce dama Nasara so suke su ƙarar da mu. Wani tsoho a baya ya ce mataccen jini ba a kashe shi da ƙwaya, ƙaho ake sawa a zuƙe shi, haka iyaye suka yi. Na ce, "Mushe, kai lokotoro ne?" Ya ce a'a, amma ya yi lakwal, wato boko. Na ce to ya riƙe lakwal ɗinsa ya bar mana marar lafiyarmu. Ya ce shi dai amana ya sauke. A Kandi ya sauka, kifina a hammatarsa, har da ɗaga mana hannu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wuyan wani ya shaƙe, ba nasa ba.

Yaya ya juya fuska wajen taga. Da aka tsaya sallar magariba na ce ya sha maganinsa, ya ce ya sha. Na yarda. Yayana ne, bai taɓa yi min ƙarya ba.

Paraku gari ne babba, kuma ba zan ce ban ga abin kallo ba. Mata da zane da ɗankwali suna tuƙa moto da goyo a baya, ba mai waiwayensu. Man fetur a manyan kwalabe jere a bakin hanya kamar man gyaɗa. Masallaci nan, coci nan, katanga ɗaya tsakaninsu. In ƙarami zai gaida babba sai ya durƙusa har ƙasa, ko da a tsakiyar kasuwa ne, abin da 'ya'yanmu na Gaya suka fara jin nauyinsa. Da Dandancin da muka tashi da shi a bakin kogi na yi ciniki na tambayi hanya, ba wanda ya ce bai gane ba.

Baba Saliya kuwa ya karɓe mu kamar 'ya'yan cikinsa. Ya fitar da ɗansa daga ɗaki ya ba Yaya, matarsa Inna Fati ta raba shimfiɗarta da ni. Aka kawo sakwara mai laushi da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulani da suke rinawa ja su soya. Mu a gida doya sai an yi baƙo, su kuwa ita ce tuwonsu na kullum. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ci abincin mutane na manta. Da mugaye ne, da fushin ya fi min sauƙi.

Washegari na ce Yaya ya huta, ni da Inna Fati mu je gidan likita mu karɓi lamba mu ga yadda layin yake, kada ya je ya yi ta tsayuwa. Kafin in fita na tsaya gaban Baba Saliya na ce, "Baba, don Allah, kada wani abu mai kaifi ya taɓa shi. Ko aski kada a yi masa." Ya ce, "'Yata, je ki, yana hannuna."

Muka dawo gab da azahar. Tun daga zaure na ji gidan ya yi tsit. A gindin mangwaro na same su. Yaya a kwance rub da ciki a kan tabarma, wani tsohon wanzami durƙushe a kansa, ƙahoni uku a gefe cikin ƙasa. An yi masa tsaga uku-uku a sha-raɓa, kuma jinin bai tsaya ba. Tabarmar ta jiƙe. Tsummoki biyu sun jiƙe. An barbaɗa toka, jinin ya ratso ta yana gangarowa siriri kamar ruwan jan shayi. Wanzamin yana ta cewa, "Shekara arba'in ina ƙaho, ban taɓa ganin jini irin wannan ba."

Ban san lokacin da na ture shi ba, tsoho sa'an ubana. Na ce, "Wa ya kira shi? Baba, ba ka ce yana hannunka ba?"

Baba Saliya ya sunkuyar da kai. Yaya ne ya amsa, murya can ƙasa. "Ni na roƙe shi, Rabi. Ba zan mutu mutuwar ɓera ba."

Na fizge ɗankwalina na ɗaure ƙafar tamau, na danna da hannu biyu. Kaina a buɗe, a gidan mutane, gaban maza, ina ihu a nemo abin hawa. Wani mai keken ɗaukar siminti aka samu. A bayansa muka kwantar da Yaya, ni ina durƙushe ina danne da ƙafar, garin siminti na shiga min ido. Leɓensa ya yi fari. Yana ta kalmar shahada, ni kuwa, Allah ya yafe min, zaginsa nake yi har muka isa.

Lokotoron da ta karɓe mu mace ce, 'yar siririya, da ka gan ta ka ce ba ta kai ƙanwata ba. Ba ta ɓata lokaci ba. Aka ɗaure ƙafar da bandeji mai matsi, aka yi masa wata allura da ta ce tana mayar wa jini ƙarfinsa, aka rataya masa leda ɗaya ta jini. Suka ce a kawo mai ba da madadi, na miƙa hannuna suka ɗiba. Sai bayan la'asar zubar ta tsaya.

Da sakamakon awon ya fito, ta jawo kujera ta zauna bakin gadon. Da Dandanci ta yi mana magana. Ta ce jinin ya tsinke fiye da kima tun kafin wanzami ya taɓa shi, da ko faɗuwa ya yi a jirgi ya bugi kai, da wani labarin ake yi. Ta ce, "Baba, ban da wannan ƙwayar, me kake sha?"

Ya ce ba komai, sai maganin ciwon baya da yake saye wurin masu talla a tasha, biyu da safe biyu da yamma.

Ta dafe goshi. "Ba wanda ya ce maka kada ka haɗa su?"

"Ba wanda ya ce."

"Ina sauran ƙwayoyin?"

Ya kawar da kai wajen bango. A nan na ji cewa tun wurin sallar magariba ya jefa ledar gaba ɗaya cikin kwata, ya dawo ya dube ni ya ce ya sha. Na tashi zan fita, ta ce in zauna, maganar tawa ce ni ma.

Yaya ya ce, "'Yata, tsakaninki da Allah. Maganin ɓera ne ko ba shi ba ne?"

Ta ce, "Danginsa ne. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya karanta." Ta ce zancen shanun gaskiya ne, na ɓeran ma gaskiya ne. Amma daga baya aka gano cewa in an ba mutum ɗan kaɗan, gwargwadon jikinsa, yana hana gudan jini girma, yana hana wani sabo fitowa, kuma in ya yi yawa akwai abin da ke karya shi, wanda aka yi masa allurarsa ɗazu. Ta ce mutane da yawa sun tsufa da wannan ƙwayar a aljihu. "Ɓera ba a auna masa, Baba. Kai ana auna maka. Wata biyu ba a auna ba, shi ya kawo ka nan. In kuma ka bar sha gaba ɗaya, gudan da ke ƙafarka yana nan yana jira."

Ta ɗauki takarda ta zana ƙwayar, ta raba ta huɗu, ta nuna masa nawa zai riƙa sha bayan kwana biyu. Ba ƙaho, ba tsaga, ba maganin ciwo na masu talla. Ko haƙori zai cire ya fara faɗa. Kopto, kwaɗon zogalen da yake so, da miyar ganye, ta ce kada ya bari, amma kada ya yi mako bai ci ba sannan ya cinye kwano guda, don ganye na rage ƙarfin maganin, ya riƙa ci daidai wa daida. Ta rubuta wani ɗan kati ta ce ya zauna a aljihunsa kullum. In yana tafiya mai nisa, duk awa biyu ya sauka ya taka ƙasa. Ta ce akwai sababbin ƙwayoyi da ba su bukatar awon kowane wata, ta faɗi tsadarsu, muka ga ba ƙarfinmu ba ne.

Duk wannan bayanin bai kai dahuwar shayi ɗaya ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai, har ya fi gada, ya fi Mushe, ya fi ƙaho. Wata biyar mutum na haɗiyar abu kullum, ya wuce ta hannun masu farar riga ban san iyaka ba, ba a samu ɗaya da ya jawo kujera ya zauna ba. Da an faɗa masa tun farko, da Mushe ya yi karatunsa a mota Yaya ya yi masa dariya.

Kwana huɗu muka yi. Baba Saliya kullum yana tafe da kwanon abinci, ya ajiye ya koma bakin ƙofa ya tsuguna. Kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba. A na uku Inna Fati ta ce min tun ranar bai iya cin komai ba, sai na buɗe kwanon a gabansa na ci. Wanzamin ma ya zo, ya tsaya daga nesa, ya roƙa a tambayar masa lokotoro yadda zai gane masu irin wannan jinin. Ta ce ya riƙa tambaya kafin ya zaro aska. Yaya dai ya tashi. Yana gida yanzu, ya bar tuƙi, yana tsara lodi a tasha, Hadiza ta sauka lafiya. Amma a lokacin ban yi masa magana ba. In ba shi ruwa, in ba shi magani in tsaya har ya haɗiye ya buɗe baki in gani, shi ke nan.

Ranar komawa muka samu wuri a bayan direba. Mun yi kamar awa biyu muna tafiya sai Yaya ya dubi agogonsa ya ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya, zan taka."

Direban, wani mai baƙin tabarau, ya ce sai Kandi.

Yaya ya sake cewa, a hankali, "Lokotoro ce ta ce."

"Tsoho, in motar lokotoro ce ka shiga, to."

Fasinjoji suka fara gunaguni, wai ana sauri, wai a kai bakin kogi kafin masu jirgi su tashi. Na ga Yaya ya koma ya jingina. Mutumin da ya shekara ashirin bai tsaya wa kowa a hanya ba, ya san yadda direba ke ji, kunya ta kama shi. Ni kuwa fushin kwana shida na nan cike da cikina, ban samu inda zan juye shi ba sai a lokacin. Na miƙe na riƙa dukan rufin motar da tafin hannu. Na ce jinina ne a jikin mutumin nan, leda guda, kuma ba zan zuba ido ya daskare don wani yana sauri ba. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Dandanci, na ce in bai tsaya ba zan buɗe ƙofa motar na gudu, ya je ya yi wa jandarma bayani.

Ya taka burki har wata mai goro da ke gefena ta bugi kujera.

Na riƙo Yaya muka sauka. Direban ya riƙa taka mai yana razana mu, sai na saki hannun Yaya na je na tsaya gaban motar na riƙe ƙugu. Yaya ya fara zagaya ta yana ɗingishi, hannu ɗaya a jikin ƙarfen. Zagaye na biyu sai wata mata mai jiki ta sauko tana cewa ita ma ƙafafunta sun yi nauyi tun Paraku. Wasu tsofaffi biyu suka biyo ta. Direban ya kashe mota, ya fito ya kunna taba yana kallon daji.

Da Yaya ya zo wucewa ta gabana karo na uku, sai ya tsaya.

"Rabi, har yanzu fushi kike?"

Na ce, "Har yanzu. Ɗaga ƙafa, saura zagaye biyu."